Kafin Ku Zuba Kifi Na Biyu A Tankin Ruwan Gishiri

Ƙannena, tun da bidiyoyin manyan tankunan kifi suka cika YouTube da TikTok, wasu daga cikinku sun kamu da sha'awar abin da a da sai a otal-otal da manyan kantunan ƙasashen waje ake gani: akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, da duwatsun murjani, da kifayen teku masu launi iri-iri. Wanda ya tsaya gaban tankin Dubai Mall mai cin lita miliyan 10, ko ya leƙa Fakieh Aquarium a Jidda bayan ya sauke farali, ya ga shak da manyan kifaye suna shawagi tare ba mai taɓa wani, sai ya dawo gida da zaton haka abin yake a ko'ina. Kuma na lura yawancinku ba ƙananan kifaye masu lafiya kuke so ba. Mafarauta kuke so, masu ƙaya da haƙori da kwarjini.

Ban hana ku ba. Amma ku sani zaman lafiyar da kuka gani a waɗancan wurare tsara shi aka yi. Akwai fili mai yawa, akwai ma'aikatan da ke ƙosar da kowane kifi a kan lokaci, akwai likitocin dabbobi, akwai tankuna a bayan fage inda ake kai duk wanda ya fitini jama'a. Duk da haka ana samun ɓacin rana. A watan Janairun 2016, a gidan kifi na COEX da ke Seoul ta Koriya ta Kudu, wata shak mai tsawon mita 2.2 ta haɗiye wani shak mai mita 1.2 da suke zaune tare, baƙi suna kallo, wutsiyarsa na reto a bakinta. In haka ta faru ga ƙwararru, to mai tankin lita 1,000 a falo sai ya yi karatun ta-natsu.

Mafarautan da ake ajiyewa a tanki iri biyu ne, kuma wanda ya iya rarrabe su ya ci rabin aikin. Akwai masu haɗiya, akwai masu cizo. Tambayar da za ku yi game da na farko daban take da wadda za ku yi game da na biyu, kuma yawancin asarar da ake tafkawa daga cakuɗa su biyun take tasowa.

Masu haɗiya su ne irin kifin zaki, da gurufa, da kifin kwaɗo. Ba su da neman faɗa. Kifin zaki, wanda masana ke kira Pterois volitans, zai wuni yana lilo a gindin dutse, kansa a ƙasa, kai ka ce bai san da kowa ba. Ku jira magariba, lokacin da haske ya fara raguwa. Zai taso a hankali, ya baza fukafukansa na gefe, ya riƙa matsar ƙaramin kifi kaɗan-kaɗan har ya kai shi lungu. Wani lokaci ma yana fesa masa ruwa da baki don ya ruɗe ya juyo da kansa. Daga nan ba za ku ga yadda aka yi ba. Baki ya buɗe, ruwa ya zuƙu ciki, kifi ya ɓace, sai ɗan tudu a cikin zaki. Yana iya haɗiye kifin da ya kai rabin tsawonsa, musamman siriri. Kifin kwaɗo ya fi shi ta'asa, domin yana haɗiye wanda ya kai girmansa, shi ya sa masu hankali ke ba shi tankinsa shi kaɗai. Dokar waɗannan ɗaya ce: abin da ya shiga baki abinci ne, ko da sun shekara uku suna kwana a rami guda.

Duk wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa ya san wannan. Ana zuba 'ya'ya kai ɗaya, bayan 'yan makonni wasu sun yi fintinkau, in ba a tace an ware manya daga ƙanana ba sai lissafi ya riƙa raguwa ba a ga gawa ba. Bambancin kawai, mai tarwaɗa yana da kwatami na biyu da na uku, kuma kifin da ya rasa na 'yan nairori ne. Ku tanki ɗaya gare ku, kifin kuma daga Indonesiya ko Filifin aka ɗauko shi a jirgin sama, aka biya da dala.

Saboda haka girman da kifi yake da shi yau a kanti ba shi ne abin dubawa ba. Ku nemi girman da zai kai, da saurin da zai kai shi. Kifin zaki da za a sayar muku kamar tafin hannu yana kaiwa santimita 35 zuwa 40, kuma yana girma da sauri fiye da yawancin maƙwabtansa. Akwai wani gurufa fari mai ɗigon baƙi, Cromileptes altivelis, wanda yana ƙarami ba wanda zai gan shi bai so shi ba, yana iyo yana rausaya, kansa a sunkuye. Wannan ɗan lelen yana kaiwa santimita 70. Akwai kuma wanda ya fi shi yaudara: ƙaramin gurufa mai ratsin baƙi da ruwan ɗorawa, Epinephelus lanceolatus. Babbansa yana kaiwa mita 2.7, nauyinsa har kilo 400. Babu gidan da zai ɗauke shi, kuma manyan gidajen kifi sun gaji da mutanen da ke kiran waya suna roƙon a karɓi kifin da ya fi ƙarfin tankinsu. Kada ku yarda da zancen nan da ake yi cewa kifi iya girman tankinsa yake tsayawa. In ya tsaya, tsumburewa ya yi, kuma ba zai yi tsawon rai ba.

Masu cizo su ne tiriga da talibambam na teku, kuma a nan girman baki ba ya gaya muku komai. Bakin tiriga ƙarami ne, amma haƙoransa na fasa ɓawon ƙaguwa da katantanwa ne. A teku yana fesa wa bushiyar ruwa ruwa da ƙarfi har ta kife, sannan ya far wa cikinta inda ƙaya ba ta da yawa. Kifin da ya iya wannan dabara ba zai zauna shiru a akwati ba. Yana ɗaukar duwatsu ya sake musu wuri, yana gatsa wayar na'urar ɗumama ruwa, yana gane mai ba shi abinci, yana kuma gatsa hannun da ya shigo gyara. Ba sai ya haɗiye maƙwabcinsa ba. Zai ciji wutsiya yau, gobe fiffike, jibi ido, har wancan ya daina fitowa cin abinci.

Su ma tiriga ba halinsu ɗaya ba. Balistapus undulatus, kore mai zanen ruwan lemo, ya yi ƙaurin suna wajen mugunta, shawarata a ajiye shi shi kaɗai ko a bar shi a kanti. Balistoides conspicillum, mai manyan fararen tabo a ciki da leɓe ruwan ɗorawa, shi ne ya fi cin mutane, domin yana ƙarami lafiyayye ne, kuma kyansa na ɗaukar ido. Sai ya shekara biyu ko uku ba a ji kansa ba, ran da ya ji ya isa sai a wayi gari ya yi wa tanki kaca-kaca. Yana kaiwa santimita 50, kuma masu harkar kan ce kada a ba shi ƙasa da lita 1,000. Masu dama-dama su ne waɗanda a teku ƙananan halittun da ke yawo a ruwa suke ci, irin Odonus niger mai jajayen haƙora da dangin Xanthichthys. In dole sai kun ajiye tiriga tare da wasu, daga nan za ku zaɓa.

Talibambam na teku, ɗan'uwan wanda masuntanmu ke kamawa a kogi, haƙoransa huɗu ne a haɗe, kuma ba sa daina tsiro. Dole a riƙa ba shi abinci mai ɓawo don su riƙa zaizayewa, in ba haka ba su yi tsawon da zai kasa buɗe baki. Yana da son mutane, yana bin mai shi da ido daga wannan gefen gilashi zuwa wancan, amma duk abin da ke reto a ruwa sai ya ɗanɗana shi. Kuma kada a ɗaga shi a raga zuwa sarari, domin in ya kumbura da iska maimakon ruwa yana iya kasa fitar da ita. Da roba mai ruwa ake kwashe shi.

Yanzu ku haɗa hoton biyu. Ga kifin zaki, mai nawa, mai dogayen fukafukai da ƙayoyi suna kaɗawa. Ga tiriga ko talibambam, masu sauri, masu son gatsa abin da ke kaɗawa. Mutane kan ɗauka dafin zaki zai kare shi, tunda yana da ƙayoyi 18 masu dafi, 13 daga ciki a gadon baya. Tiriga bai damu ba, daga gefe yake zuwa ya gutsure ƙayar. Sannan a lokacin abinci, kafin zaki ya gama juyowa ya daidaita kansa, tiriga ya cinye rabon kowa. Za ku ga bidiyon wanda ya haɗa su suna zaune lafiya, kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne wata shida bayan nan. Hukuncina a nan ba shi da kwana-kwana: ku zaɓi gida ɗaya. Ko tankin masu haɗiya da maƙwabtan da suka fi ƙarfin bakinsu, ko tankin masu cizo da maƙwabta masu sauri da taurin fata.

Morai, kifin nan mai siffar maciji da ke leƙowa daga rami baki a buɗe, yana iya zama a kowane ɗaya daga gidajen biyu, in kun dubi haƙoransa kafin ku saya. Buɗe bakin da yake yi ba barazana ba ce, numfashi yake. Masu dasassun haƙora, wato Echidna nebulosa mai zanen fari da baƙi da ɗan ruwan ɗorawa, da Gymnomuraena zebra mai ratsi-ratsi, abincinsu ƙaguwa da jatan lande ne, kuma galibi ba su damu da kifin da ya yi girma ba. Masu tsinin haƙora na dangin Gymnothorax kuwa kifi suke ci, wasunsu suna wuce mita 2. A 2007 Rita Mehta da Peter Wainwright na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa morai yana da muƙamuƙi na biyu a cikin maƙogwaro, wanda ke zaburowa gaba ya cafki abin da bakin farko ya riƙe ya ja shi ciki. Abin da ya kama, ya kamu. Idonsa ba shi da ƙarfi, da hanci yake farauta, don haka in ƙamshin abinci ya bazu yana iya kai wa maƙwabci ko yatsa cafka bisa kuskure. Da dogon hantsaki ake ba shi abinci. Kuma a rufe tanki ruf, har ƙofofin bututu, domin morai da yawa a kan tayil suke ƙarasa rayuwarsu.

Wani abin sha'awa, a Bahar Maliya, tekun da 'yan'uwanmu na Port Sudan ke kallo kullum, Redouan Bshary da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 2006 cewa wani gurufa kan je bakin ramin babban morai ya girgiza masa kai, su fita farauta tare, ɗaya ya bi ta cikin ramuka, ɗaya ya tsare waje. Na kawo wannan ne don ku ga irin hankalin halittun da kuke shirin kullewa a akwati. Ku tuna kuma, a teku wanda aka kora yana da inda zai gudu. A tanki bango huɗu ne, kuma wanda ya kore shi yana nan gobe da jibi.

To su wa za su zauna da mafarauci? Manyan masu cin ganye da masu kiwo a kan dutse, waɗanda jikinsu ke da faɗi, suna da sauri, kuma suna da abin kare kai. Kifin tang yana da wata ƙaya mai kaifi a gindin wutsiya, faɗinsa kuma ya sa ba ya haɗiyuwa da sauƙi, ga shi yana rage gansakuka. Kifin zomo mai fuskar yanyawa, Siganus vulpinus, yana da ƙayoyi masu dafi, ba ya tsokana kuma ba a cika tsokanarsa ba. Babban kifin enjel irin Pomacanthus imperator, wanda ke kaiwa santimita 40, yana iya riƙe kansa. Haka Choerodon fasciatus mai shuɗayen haƙora, wanda kamanninsa sun fi halinsa ban tsoro. A tankin lita 1,000 zuwa 1,200, zaki ɗaya, morai mai dasassun haƙora ɗaya, kifin zomo ɗaya, tang ɗaya, da mai shuɗayen haƙoran nan ɗaya sun isa. Za ku ga kamar akwai sauran fili. Ku bar shi, na girman da za su yi ne.

Ku lura na ce ɗaya-ɗaya. Kifin teku ya fi tsanar wanda ya yi kama da shi a siffa da launi da abinci, domin shi ne abokin takararsa. Tang biyu masu kama da juna za su yi ta yankar juna, kuma Acanthurus sohal na Bahar Maliya, in ya girma, ko tiriga sai ya yi a hankali da shi. Jatan lande, ƙaguwa, katantanwa, da ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fari na fim ɗin Finding Nemo, duk ku cire su daga lissafi. Zuba su a tankin mafarauta ba wa kura ajiyar nama ne. Kifin akwati mai kusurwa huɗu da ɗan'uwansa mai ƙaho su ma a'a, domin in aka matsa musu suna fitar da guba ta fata wadda ke iya kashe duk abin da ke cikin ruwan, har su kansu.

Tsarin shigowa yana da muhimmanci kusan kamar zaɓin. Mai sanyin hali ke fara shiga, ya san ramuka ya kama wuri, mafi zafin rai ya zo ƙarshe. In aka juya tsarin, wanda ya riga shiga zai ɗauki tankin gaba ɗaya nasa ne. Ranar da za a kawo baƙo, a ƙosar da na ciki, a ɗan sake wa duwatsu wuri don iyakoki su ruɗe, a kashe fitila. Ya fi kyau baƙon ya yi 'yan kwanaki a cikin ƙaramin keji mai huji-huji a cikin tankin, ana ganinsa ba a iya taɓa shi. A jera duwatsu yadda za a samu ramuka fiye da yawan kifayen, kuma yadda wanda ke wannan gefe ba zai riƙa hango na wancan gefe ba. Sannan ku zauna ku yi kallo, da safe da kuma bayan an kashe fitila. Kifin da ya maƙale a saman kusurwa kusa da bututu, launinsa ya dushe, yana numfashi da sauri, ana cin zalinsa ne ko da ba ku taɓa ganin an cije shi ba. Kada ku ce za su saba. Ku raba su a ranar.

Wannan ya kawo mu ga tanki na biyu, wanda kowa ke ƙyashin saya. Kowane sabon kifi ya kamata ya yi mako huɗu zuwa shida a killace kafin ya shiga cikin jama'a. Cutar fararen ɗigo da Cryptocaryon ke kawowa, da wadda ta fi ta saurin kisa ta Amyloodinium, a jikin baƙo suke shigowa, kuma tang da talibambam suna saurin kamuwa. Maganin da aka fi amfani da shi na jan ƙarfe ne, shi kuma morai da talibambam da shak ba sa jure shi sosai, ga shi yana shiga cikin duwatsu ya zauna. Magani a babban tanki wahala ce. Tankin killacewa shi ne kuma gidan yarin wanda ya fitini jama'a da asibitin wanda aka ji wa rauni.

Mafarauta suna ci da yawa suna ƙazanta da yawa, kuma ruwan da ya lalace yana ƙara musu zafin rai. Gishiri ya tsaya wajen giram 35 a kowace lita, da gishirin da aka haɗa musamman don wannan aiki, ba na miya ba. Zafin ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Amoniya da naitirait su zama sifiri, kuma kafin kifi na farko ya shiga sai tanki ya yi makonni ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta sun kafu. Babban zaki ko gurufa ba kullum ake ba shi abinci ba, sau biyu ko uku a mako ya isa, da naman halittun teku iri-iri. Ku guji jefa musu ƙananan kifayen ado na ruwan daɗi da rai don burge baƙi. Ba abincinsu ba ne, yana tara musu kitse a hanta, yana jawo ƙarancin sinadarin bitamin B1, kuma yana koya musu kallon duk mai motsi a matsayin kalaci.

Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Yamai yana da ƙarin tambaya da Bature bai cika yi ba. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, don haka sai da na'urar sanyaya ruwa. Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi da yawa, manyan kifaye kuma su suka fi buƙatarta, musamman bayan sun ci sun ƙoshi. In aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, 'yan awoyi kaɗan sun isa a yi asarar komai. Wanda ba shi da sola ko batirin da zai riƙe famfo dare da rana, bai shirya ba tukuna. Ku tuna kuma lita 1,000 na ruwan gishiri ya haura tan ɗaya, ban da gilashi da duwatsu, kafin ku ce za ku ɗora shi a bene. In kuwa ƙayar zaki ta soki hannu, a tsoma shi a ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, a nufi asibiti.

Saura maganar ranar da kifi ya gundure ku ko ya fi ƙarfinku. A 1985 aka fara ganin kifin zaki a gaɓar Florida ta Amurka, nesa da asalinsa na tekun Indiya da Fasifik, kuma masana sun fi karkata ga cewa masu tanki ne suka sake shi. Yau ya mamaye gaɓar gabashin Amurka da tekun Karibiyan har ya gangara Burazil, yana cinye 'ya'yan kifayen wurin da ba su san shi ba balle su guje shi. A 2014 jihar Florida ta haramta shigo da shi da rai. Ku da ke Legas da Akara da Duwala, bakin wannan teku na Atilantika kuke zaune. Kifin da kuka gaji da shi ku mayar wa mai kanti ko ku ba wani mai babban tanki, kada ku kai shi gaɓa. Dabbar da mutum ya tsare amana ce a wuyansa, kuma duk kun san hadisin matar da ta kulle kyanwa.

Kafin ku biya ko sisi, ku ɗauki takarda ku rubuta duk kifayen da kuke so su zauna a tankin nan har ƙarshe. Gaban kowane suna ku sa girman da zai kai, abin da yake ci a teku, da ko mai haɗiya ne ko mai cizo, sannan ku jera su daga wanda zai fara shiga zuwa na ƙarshe. In kun je kanti ku nemi cikakken sunan kifin na kimiyya, ku ce a ba shi abinci a gabanku ku ga ya ci. Mai kantin da ya kasa gaya muku sunan, ko ya ce muku ai duk suna zama lafiya, ku yi masa sallama ku fito da kuɗinku.